Shekara bakwai ina canji a shago ɗaya a Maraɗi

Ni mutumin Dutsin-Ma ne a jihar Katsina, sana'ata haɗa wutar sola. A 2018 wani ɗan kasuwa ya ɗauko ni in yi masa aikin sati biyu a gidansa da ke unguwar Zariya a nan Maraɗi. Daga nan aiki ya yi ta kiran aiki, har yau ban koma gida da zama ba. Mahaifiyata da matata da yara huɗu suna can. Ana biyana da sefa, su kuma da naira suke cefane. Saboda haka babu watan da ba na bi ta hannun ɗan canji, wani watan sau biyu, wani sau uku idan zan sayo fanel da batura daga Kano.

Shagon da zan yi magana a kansa yana layin 'yan canji, ba nisa da babbar kasuwa. Ba zan kama sunan mai shi ba, domin zan faɗi alherinsa in kuma faɗi inda ya gaza, kuma ban ga dalilin da zan tozarta dattijo a gaban waɗanda ba su taɓa zama a bencinsa ba. Alhaji nake ce masa, kamar kowa. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne samarin gida da ke shigowa neman aiki, magina da kafintoci da teloli da masu gyaran waya. Kowa ya sauka a tasha tambayarsa ɗaya ce: "Yaya, a ina sefa ta fi kuɗi?" Amsar da nake da ita kuwa ba ta shiga cikin gaisuwar bakin hanya.

Wurin ba shi da wani kwarjini. Ɗaki ne ɗan ƙarami, tebur ɗaya na katako da aka shimfiɗa wa leda, benci biyu, akwatin ƙarfe a kusurwa, injin ƙirga kuɗi da ake lulluɓe shi da tsumma saboda ƙura. A kan teburin akwai wayoyi uku, da kalkuleta wadda lambobinta suka goge don dannawa, da soso jiƙaƙƙe cikin marfin gwangwani, da babban littafin da mutanen nan suke kira kaye. Yaransa biyu ne, ɗaya yana kan wayoyi, ɗaya yana kai-komo tsakanin shago da sauran layin. Fankar da ke kansu da fitila biyu ni na haɗa musu a 2020, kuma an biya ni kuɗina cif, don kada wani ya ce bakina a toshe yake.

Ranar da na fara shiga ina riƙe da ladan aikina na farko. Na ƙirga a masauki na samu dubu tamanin da biyar, haka na faɗa masa. Alhaji ya taɓa soson da babban yatsa, ya riƙe takardun a tsakanin yatsu biyu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi ba sauti. Ya kai ƙarshe ya sake komawa farko. Sannan ya zaro 'yar jika biyar guda, wato takardar sefa dubu biyar, ya murza ta, sai ga ta ta rabu biyu. Sababbin takardu ne suka manne. Ya ce, "Malam, kuɗɗinka jika tasa'in ne. Sake ƙilga da hannunka." Da ya yi shiru, har abada ba zan sani ba. A lokacin jika ɗaya naira ɗari shida ce da 'yan kai, wato abin da ya mayar mini ya haura naira dubu uku, kuɗin da a wancan zamanin yake yi wa gidana cefanen kwana biyu.

Shi ne kuma ya zaunar da ni ya koya mini lissafin nan, wanda duk baƙo daga Najeriya sai ya yi tuntuɓe da shi. A nan da dala ake ƙirge, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce, wato sefa biyar. In mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa ɗari yake nufi. In ka ji an ce ɗari, to sefa ɗari biyar ce. Jika ita ce sefa dubu. Ya ce, "Duk abin da anka ce maka ƙasa da jika, ninka shi biyar, shi ke nan." Daga nan ya shimfiɗa takardun a kan tebur, ta 500, ta 1,000, ta 2,000, ta 5,000 da ta 10,000, ya nuna mini yadda ake ɗaga su a haske. Bai karɓi ko dala ba a kan wannan karatu, ga mutane suna jira.

Maganar farashi ita ce ta fi damun kowa, don haka bari in ɗan daɗe a kanta. Shekaruna na farko na ɗauka 'yan canji ne suke zama da safe su yanka abin da suka ga dama. Ba haka ba ne gaba ɗaya. Sefar da muke kashewa a nan, wadda babban bankin BCEAO mai hedkwata a Dakar yake bugawa ƙasashe takwas, a ɗaure take da yuro tun 1999. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, a taƙaice 656, ba ya hawa ba ya sauka. Abin da ke motsi shi ne yuro a gaban dalar Amurka, da kuma dalar Amurka a gaban naira. Shi ya sa tun kafin Alhaji ya buɗe akwati sai ya kira mutanensa na Wapa a Kano, ya kira na Jibiya, ya ji yadda kasuwa ta kwana. A ɗauka dalar Amurka tana sefa 600, a Wapa kuma tana naira 1,500. To jika ɗaya ta zama naira 2,500 ke nan, kafin ɗan canji ya cire nasa. Duk mai waya a hannu zai iya wannan lissafi kafin ya fito daga gida, kuma tun da na iya shi ban sake zama a gaban ɗan canji kamar makaho ba.

Abin da ɗan canji yake ci shi ne tazarar da ke tsakanin saye da sayarwa. Shi ya sa nake gaya wa yaran gida, kada ka tambayi farashi ɗaya. Ka ce nawa kake sayen jika, nawa kake sayar da ita, tun kafin ya san wanne ya kawo ka. A wurin Alhaji, in kasuwa tana kwance, tazarar ba ta wuce naira ashirin zuwa talatin a jika. In kasuwa ta rikice takan kai ɗari, wani lokaci ta wuce, kuma yakan faɗa da bakinsa cewa yau tsoro ne ya buɗe ta.

Ba shi ne ya fi kowa farashi ba. Yaran da ke tare mutum a bakin layi da damin kuɗi a hannu sukan ɗora naira goma ko sha biyar a kan nasa. A jika ɗari biyu, wannan naira dubu biyu ce zuwa uku, kuma ni ba mai raina dubu uku ba ne, da gumina nake samunta a kan rufin kwano da rana tsaka. Amma na ga abin da ya sami wani kafinta ɗan Funtuwa da muke kwana gida ɗaya. Ya ba wani yaro jika ɗari da ashirin a bakin hanya, saƙo ya shigo wayarsa cewa kuɗi sun shiga, ya yi godiya ya tafi. Da dare matarsa ta je wurin mai POS aka ce babu komai a asusun. Saƙon na bogi ne, yaron kuma ba shi da tebur balle a koma masa. Aikin wata biyu ya tafi. Ba na cewa duk masu tsayuwa a hanya haka suke, da yawansu yaran manyan shaguna ne masu neman halaliyarsu. Sai dai ni ina son wanda in abu ya ɓaci gobe zan same shi a inda na bar shi.

Yadda ake yi a shagon ba wuya. Ka miƙa sefa, a ƙirga a gabanka da hannu sannan da inji, a danna lissafi a juyo maka da fuskar kalkuleta. Ka ba da lambar asusu, yaron ya karanto maka sunan da ya fito, ka tabbatar. Daga asusun abokan hulɗarsu na Katsina ko Kano ake turawa. Asusun matata na OPay ne, na ƙanena da ke kula da Inna kuma na banki ne, kuma galibi kafin in gama shan ruwan da aka miƙo mini kuɗi sun sauka. Wanda yake son naira a hannu ma ana ba shi, sai dai ni na daina ɗaukar tsabar kuɗi a hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, kowa ya san halin da hanyar take ciki.

Inda na san darajar mutumin nan shi ne lokacin canjin takardun naira. A ƙarshen 2022 babban bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, aka sa ranar 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Maraɗi cike take da naira, domin daga nan har ƙauyukan Madarunfa ana ciniki da ita kamar kuɗin gida. Ina da naira dubu ɗari uku da na ajiye a ɗaki don sayen batura. Tun a Disamba Alhaji ya tambaye ni ko ina da tsofaffin takardu a ajiye. Na ce akwai. Ya ce, "Kawo su gobe in sa a zuba maka a asusu. Kar ka jira, abin ga ba shi da kyan gani." Na kawo, bai cire komai ba sai kuɗin mota na yaron da ya kai su Katsina.

Da Janairu ta ƙare na ga abin da ban taɓa gani ba. Naira ta zama iri uku a layi ɗaya: sabuwar takarda da farashinta, tsohuwa da nata, ta cikin asusu kuma da nata. Mutanen ƙauye suna zuwa da tsofaffin takardu cikin buhun taki, kuɗin dabbobi da na wake, suna roƙon a karɓa ko da rabi. Wasu sun saya a wulakance. Alhaji ya daina saye gaba ɗaya a makon ƙarshe, ya ce ba zai karɓi abin da bai san makomarsa ba, ba kuma zai sayi hawayen mutum ba. Mutane sun zage shi a ranar, ina zaune. Daga baya kotun ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, waɗanda suka saye su a rabin kuɗi suka kwashi riba mai yawa. Shi bai samu ko sisi a ciki ba, ban kuma taɓa jin ya yi da-na-sani ba.

Wata biyar bayan nan aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Ta ɓangaren sana'ata aiki ya yi yawa har ina mayar da wani, kowa yana son sola. Amma tsabar sefa ta yi wuya a gari, bankuna suna ƙayyade abin da mutum zai cira, masu aiki suna biyana kaɗan-kaɗan. Ni kuma ba halin zuwa gida yadda na saba. Watanni kusan takwas, har aka buɗe iyakar a Maris ɗin 2024, bencin Alhaji shi ne hanyata zuwa Dutsin-Ma. Bai rufe ba ko rana ɗaya. Sau biyu ya tura wa iyalina kuɗi kafin a biya ni, ya rubuta a kaye a matsayin rancen naira, na mayar masa da nairar daidai yadda ya ba ni, ba ƙari.

A wannan tsakanin ne naira ta zube. Tun da gwamnatin Tinubu ta sake ta a Yunin 2023 take gangarawa, zuwa Fabrairun 2024 jika ɗaya ta doshi naira dubu uku. Mutanen gida suna jin haka suka ɗauka mu da ke nan mun zama attajirai. Ba su lissafa cewa buhun masara da kuɗin makaranta da maganin hawan jinin Inna duk sun bi dalar Amurka sun hau ba. Fanel da batura ma a Kano da farashin dalar Amurka ake sayar da su. Adadin da ke shiga waya ya yi girma, abin da yake saye bai ƙaru sosai ba.

Ni ma a lokacin na riƙe jika ɗari huɗu na ƙi canzawa, ina jiran ta ƙara hawa. Alhaji ya ce mini, "Malam, kai ma'aikaci ne, ba ɗan canji ba. In buƙata ta zo, aika. Mu da muke kwana cikin abin ga ma shina kayar da mu." Ya ba ni labarin Janairun 1994, yana yaron shago a hannun maigidansa, aka kwana faran ɗin Faransa yana sefa 50 aka tashi yana 100. Ya ce ya ga manyan mutane sun zauna a ƙasa a ranar. Ban ji shawararsa ba. Cikin azumi naira ta fara farfaɗowa, bayan ƙaramar Salla a watan Afrilu jika ta sauko ƙasa da dubu biyu. A lokacin ne kuma dole ta kama ni, domin ginin ɗakin da na fara a gida ya kai linta kuma damina na tafe. Na canza a farashin da ya sa na rasa abin da ya fi naira dubu ɗari uku a kan abin da zan samu a Fabrairu. Da na miƙa masa kuɗin bai ce ai na gaya maka ba. Ya ƙirga, ya tura, ya ce Allah ya sa albarka a ginin.

Zama a bencin nan ya nuna mini cewa ba mu kaɗai ba ne. Samari suna dawowa daga Libiya da Aljeriya ta Agadas da dinari a ɗinke cikin wando, su tarar farashin da ake ba su a nan bai kai wanda suka lissafa a Sabha ko Tamanrasset ba. Alhaji yakan gaya musu gaskiya cewa dinari ba shi da masu nema sosai a Maraɗi, wanda zai koma ya canza zuwa yuro tun can ya fi masa. Na ga wani magini da ya yi shekara uku a Gabon ya kawo sefar can, yana ta mamakin a ce za a rage masa. A takarda darajarsu ɗaya da tamu, amma ta bankin BEAC ce ta Afirka ta Tsakiya, irin ta Chadi da Kamaru, mai tumatir ba zai karɓe ta a nan ba, don haka sai an cire wani abu. Masu zuwa Saudiyya su ne lissafinsu ya fi sauƙi, tunda riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, 3.75 a kowace dala. Mai dalar Amurka kuma ya sani, 'yar ɗari mai shuɗin zare da aka fara fitarwa a 2013 ta fi tsofaffin daraja a layin nan, ƙananan takardu irin na biyar da goma kuwa ana rage musu. Malaman makaranta 'yan Togo da Benin su ba ruwansu da mu. Kuɗinsu ɗaya da na nan, sai su wuce kamfanonin aike irin su Nita da Al Izza da Amana.

Akwai kuma inda raina ya ɓaci da shagon.

A 2021 matata ta kwanta asibiti za a yi mata aiki wajen haihuwar ɗanmu na uku. Ƙanena ya kira da hantsi ya ce ana neman kuɗi kafin la'asar. Na ruga shagon da jika ɗari uku. Aka ƙirga, aka yi lissafi, yaron ya ce an tura, sabis ne ba kyau, in je zai shiga. Na yarda na tafi, tunda ba a taɓa saɓa mini ba. La'asar ta yi shiru, magariba shiru. Ƙanena yana tsaye a bakin ɗakin karɓar kuɗi yana kirana duk bayan minti goma. Da na koma bayan isha'i sai gaskiya ta fito: asusun da suke turawa daga cikinsa ya cika iyakarsa ta ranar tun kafin in zo, yaron ya sani, ya karɓi kuɗina yana sa ran wani abokin hulɗa zai tura, shi kuma bai tura ba. Wani maƙwabcinmu ne a Dutsin-Ma ya ba da rance aka shiga da ita. Kuɗina ba su sauka ba sai washegari da azahar.

Alhaji ya zo har masaukina ya ba ni haƙuri, ya yi wa yaron faɗa a gabana, ya ƙara naira dubu biyar daga aljihunsa ya ce a sayi sabulun jariri. Na karɓi haƙurin. Amma har yau ina ganin laifin ba na yaro kaɗai ba ne. Shagon da ke juya miliyoyi a rana ya kamata mai shi ya san abin da ya rage a kowane asusu kafin a karɓi kuɗin mutum. Da an ce mini yau ba hali, da na taka ƙafa goma zuwa shago na gaba. Tun daga ranar ba na tashi daga benci sai na buɗe asusun da kaina na ga kuɗin, ko an kira ni daga gida an ce sun gani. Malamin da nake ɗaukar karatu wurinsa a unguwar Limanci ma ya ce mini haka shari'a ta tsara canjin kuɗi da kuɗi: hannu da hannu, kada a rabu ɗaya yana bin ɗaya. Alhaji ya san wannan fiye da ni.

Rasit ma babu. Komai a kaye yake, kayen kuma a hannunsa. In ka matsa, yaron zai turo maka hoton shaidar turawa ta WhatsApp, amma ba ya nuna sefa nawa ka bayar ko a wane farashi. Da wani abu zai sami dattijon nan, Allah ya kiyaye, masu ajiya a wurinsa ba su da abin nunawa. Ranakun kasuwa, Litinin da Juma'a, wurin yakan cushe, mata kuma ba su da inda za su zauna, sai su tsaya a rana daga waje su aiko yaro.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin allo. Ba a rubuta farashin rana a ko'ina, sai ka tambaya a faɗa maka, kuma abin da ake faɗa yana bin fuska. Na gani da idona. Wata Litinin an ba ni jika a wani farashi, ban tashi ba wani dattijo ya shigo da rawani da sanda, daga alama ya sayar da akuya ne zai aika wa ɗansa almajiri a Zariya ta Najeriya. Jika talatin ce a ƙulle cikin ƙyalle. Yaron ya faɗa masa farashin da ya gaza nawa da naira arba'in. Tsohon bai yi ciniki ba, bai ma san ana yi ba. Ya ce Allah ya yi albarka, ya karɓi abin da aka ce. Naira dubu ɗaya da ɗari biyu ce ta tafi, abincin almajirin nan na kwana biyu ko uku.

Da ya fita na ce, "Alhaji, wannan fa?" Ya ce mai jika talatin da mai jika ɗari uku ba ɗaya ba ne, kuɗin turawa ɗaya ake cirewa ko kaɗan ko da yawa, kuma ko a kasuwar hatsi mai sayen buhu da mai sayen tiya ba farashinsu ɗaya ba. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Na ce to a rubuta hakan a allo, mai kaɗan ga nasa, mai yawa ga nasa, kowa ya gani ya zaɓa. Ya ce farashi yana canzawa sau biyar a yini, wa zai yi ta gogewa? Na ce alli ba tsada. Ya yi dariya ya ce, "Ku Katsinawan Najeriya akwai son rubutu. Mu nan da baki munka gada." Na ce ai sarkinku ma Sarkin Katsina ake ce masa, duk abu ɗaya ne. Muka bar ta a nan, amma ban gamsu ba. Mutumin da ya mayar mini da jika biyar da ban san da ita ba, ya ƙi sayen tsofaffin takardu a hannun talakawa a rabin kuɗi, bai kamata a ce a shagonsa wanda bai iya tambaya ba shi ne yake biyan tsada ba.

Duk da haka, in yaron gida ya tambaye ni, nan nake kawo shi. Nakan zaunar da shi a benci, in sa ya yi lissafinsa a wayarsa tukuna, ya tambayi farashin saye da na sayarwa da bakinsa, kada kuma ya ɗaga sai an kira shi daga gida. Makon jiya na kai wani tela ɗan Kankiya da albashinsa na farko, jika sittin. Alhaji ya taɓa soso ya ƙirga sau biyu kamar yadda ya yi mini, ya ba shi farashin da ya ba ni, wataƙila don ina zaune. Da za mu fita na sake tayar da maganar allo, na ce ina da guntun filawud a masauki, zan shafa masa baƙin fenti in kafa masa a ƙarƙashin fitilar da na haɗa, kyauta. Ya ce in bari sai bayan Salla. Na riga na yanka katakon, yana jingine a bayan ƙofata.